Anwar Sadat: Shugaban da ya karɓo wa Masar Sinai, sojojinsa suka harbe shi a filin fareti

Ranar Talata, 6 ga watan Oktoban 1981, Shugaban Masar Anwar Sadat yana zaune a sahun gaba na rumfar manyan baƙi a unguwar Nasr da ke birnin Alƙahira, sanye da kakin soja, yana kallon faretin cika shekara takwas da yaƙin da ya ɗaga sunansa. Mataimakinsa Hosni Mubarak yana gefe guda, ministan tsaro Abdul Halim Abu Ghazala yana ɗaya gefen.

Jiragen yaƙi na shawagi, kowa ya ɗaga kai sama, sai wata motar soja mai jan igwa ta ja birki daidai rumfar. Wani matashin hafsa, Laftanar Khalid Islambuli, ya diro ya jefa gurneti, abokansa uku suka buɗe wuta. Sadat ya miƙe tsaye, harsasai suka same shi. Kafin masu gadinsa su dawo hayyacinsu an gama. Aka ɗauke shi a jirgi mai saukar ungulu zuwa asibitin soja na Ma'adi, can aka tabbatar da rasuwarsa yana da shekara 62.

Shi ne shugaban Larabawa na farko da ya sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya da Isra'ila, kuma ta dalilin wannan yarjejeniya Masar ta karɓi duk ƙasarta da aka ƙwace a 1967. Amma ranar da aka binne shi, titunan Alƙahira shiru suke. Wanda ke son ya gane yadda aka yi haka, sai ya dubi halin mutumin: duk babban abin da Sadat ya yi a rayuwarsa, shi kaɗai ya yanke shawararsa, mutane sai dai su wayi gari su gani.

Daga makarantar allo zuwa kurkuku

An haifi Muhammad Anwar Sadat ranar 25 ga Disamban 1918 a ƙauyen Mit Abul Kum da ke lardin Minufiya, yankin da kogin Nilu ke rarrabuwa kafin ya faɗa teku. Mahaifinsa akawu ne a asibitin soja, ya yi aiki a Sudan. Mahaifiyarsa kuwa tushenta Sudan ne, kuma daga wajenta ya gaji baƙar fatar da masu adawa da shi suka riƙa yi masa gori da ita har bayan ya zama shugaban ƙasa. Su 13 ne a gidansu. Kakarsa ce ta raine shi a ƙauye, ta sa shi makarantar allo.

A hannunta ya fara jin labarin Dinshawai, wani ƙauye da ke lardinsu, inda Turawan Ingila suka rataye manoma huɗu a 1906 bayan wata hatsaniya da hafsoshinsu da suka je harbin tattabaru. Ƙin Turawan mulkin mallaka ya shiga jininsa tun daga nan.

Bayan 1936 aka buɗe ƙofar makarantar horar da hafsoshi ga 'ya'yan marasa galihu, Sadat ya samu shiga, ya fito a 1938. A sansanin Mankabad da ke kudancin ƙasar ya haɗu da wani matashin hafsa mai suna Jamal Abdul Nasir.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗauka cewa maƙiyin maƙiyinsa masoyinsa ne, ya ƙulla hulɗa da 'yan leƙen asirin Jamus. Asiri ya tonu a 1942, aka kore shi daga soja aka tsare shi. Ya tsere a 1944, ya ɓad da kama, ya yi dako da tuƙin mota don ya ci abinci. A 1946 aka sake kama shi kan zargin hannu a kisan Amin Usman, tsohon ministan kuɗi mai goyon bayan Ingila. Ya shafe fiye da shekara biyu a tsare, akasari shi kaɗai a ɗaki mai lamba 54 na babban gidan yarin Alƙahira, kafin kotu ta sallame shi a 1948. Daga baya ya sha faɗin cewa a wannan ɗaki ne ya koyi zama da kansa da yin tunani ba tare da kowa ba. Abin lura shi ne, mutumin da kisan siyasa zai zama ajalinsa, shi ma ya taɓa tsayawa gaban alƙali kan kisan siyasa.

Ya auri Jihan a 1949, aka mayar da shi soja a 1950. Daren da ƙungiyar hafsoshin Nasir ta tashi kifar da Sarki Faruk, Sadat yana gidan sinima da matarsa, sai da ya koma gida ya tarar da saƙo. Duk da haka, muryarsa ce Misirawa suka ji a rediyo da safiyar 23 ga Yulin 1952 tana sanar da juyin mulki.

Mutumin da aka raina

Shekara 18 ya yi a inuwar Nasir. Ya jagoranci jaridar gwamnati ta Al-Jumhuriya, ya yi shugaban majalisar dokoki, bai taɓa ja da maigidansa a fili ba. Sauran abokan juyin mulkin ɗaya bayan ɗaya suka saɓa da Nasir aka ture su, shi kuwa yana nan. A Disamban 1969 Nasir ya naɗa shi mataimaki. Da Nasir ya rasu ranar 28 ga Satumban 1970, masu riƙe da madafun iko suka amince Sadat ya hau kujerar saboda suna ganin za su juya shi yadda suke so.

Ɗan hakin da ka raina, in ji Bahaushe, shi ke tsone maka ido. A watan Mayun 1971 ya kama su gaba ɗaya: mataimakinsa Ali Sabri, ministan cikin gida Sha'arawi Juma'a, ministan yaƙi Muhammad Fauzi, da Sami Sharaf mai kula da fadar shugaban ƙasa. Ya sa aka ƙona kaset-kaset na hirarrakin mutane da jami'an tsaro suka naɗa a ɓoye. Ya fara sakin 'yan ƙungiyar Ikhwan da Nasir ya ɗaure, ya sakar wa ƙungiyoyin ɗalibai na Musulunci mara a jami'o'i domin su karya lagon 'yan gurguzu da masu ra'ayin Nasir. Kafafen gwamnati suka riƙa yi masa laƙabi da shugaba mumini. Wannan dabara ta yi masa amfani a lokacin. Bayan shekara goma ta dawo masa.

Babbar matsalar da ya gada ita ce Sinai. A yaƙin kwana shida na Yunin 1967 Isra'ila ta mamaye yankin baki ɗaya, sojojinta suka zauna a gaɓar gabas ta mashigin ruwan Suez, mashigin ya rufe, kuɗin shigarsa ya tsaya, biranen da ke bakinsa suka zama kufai. A Fabrairun 1971 Sadat ya yi tayin buɗe mashigin idan Isra'ila za ta ɗan ja baya. Gwamnatin Golda Meir ba ta ɗauke shi da muhimmanci ba, Amurka ma haka. Ya shelanta cewa a 1971 za a yi ta ta ƙare, shekara ta wuce ba a yi komai ba, ɗalibai suka fito suna yi masa ba'a. A Yulin 1972 kuma ya sallami dubban ƙwararrun sojan Tarayyar Sobiyet daga ƙasarsa, abin da ya sa kowa ya ƙara sakankancewa cewa mutumin nan ba zai yi yaƙi ba.

10 ga Ramadan

Da ƙarfe biyu na ranar 6 ga Oktoban 1973, daidai da 10 ga Ramadan, kuma ranar azumin Yom Kippur na Yahudawa, Masar da Siriya suka kai hari a tare. Isra'ila ta gina wata doguwar ganuwar yashi a bakin mashigin, bayanta da jerin sansanoni da ake kira layin Bar Lev, waɗanda ake ganin ba mai iya ƙetarewa. Injiniyoyin sojan Masar suka zo da injinan feshin ruwa, suka zuƙo ruwan mashigin suka wanke yashin, suka buɗe hanyoyi, suka shimfiɗa gadoji. Kafin gari ya waye dubban sojoji da ɗaruruwan tankoki sun haye. Ƙanin Sadat, Atif, matuƙin jirgin yaƙi, yana cikin waɗanda suka mutu a sa'o'in farko.

Ƙarshen yaƙin bai yi daɗin farkonsa ba. Ranar 14 ga wata Sadat ya umarci sojojinsa su nausa gaba don rage wa Siriya nauyi, duk da babban hafsansa Sa'ad Shazli bai so ba. Suka fita daga inuwar makamai masu linzami da ke kare su, aka yi musu ɓarna. Sojojin Isra'ila ƙarƙashin Ariel Sharon suka samu kafa suka ƙetare mashigin zuwa yamma, daga nan aka yi wa Runduna ta Uku ta Masar ƙawanya kafin a tsagaita wuta.

To amma Sadat bai shiga yaƙin da niyyar kai wa Tel Aviv ba. So yake a daina raina shi, a zauna da shi, kuma ya samu. Saudiyya ƙarƙashin Sarki Faisal da sauran ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai. Akasarin ƙasashen Afirka suka yanke hulɗa da Isra'ila, cikinsu har da Najeriya, wadda shugabanta Janar Yakubu Gowon ke riƙe da shugabancin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a lokacin. Najeriya ba ta mayar da hulɗar ba sai 1992, shekara 12 bayan ita Masar ɗin da aka yi fushin dominta ta tura jakada Tel Aviv.

Sakataren harkokin wajen Amurka Henry Kissinger ya fara zirga-zirga tsakanin Alƙahira da Isra'ila. Aka ƙulla yarjejeniyar janye sojoji a Janairun 1974 da wata a Satumban 1975, aka sake buɗe mashigin Suez ranar 5 ga Yunin 1975. Sadat ya ƙudure a ransa cewa mabuɗin Sinai yana hannun Amurka, don haka ya juya wa Mosko baya gaba ɗaya.

A gida kuwa ya buɗe ƙofar kasuwanci ga masu jari. 'Yan kwangila da dillalai suka kuɗance, ma'aikaci da talaka suka ga kaya a kanti ba kuɗin saye. A Janairun 1977, bisa shawarar Asusun Ba da Lamuni na Duniya, gwamnati ta rage tallafin fulawa da shinkafa da iskar girki. Kwana biyu ana tarzoma daga Iskandariya har Aswan, kusan mutum 80 suka mutu, sai da aka fito da soja aka kuma janye matakin. Sadat ya ce boren ɓarayi ne. Amma ya gane cewa ƙasar da burodi ke gagarar mutanenta ba za ta iya ci gaba da shirin yaƙi har abada ba.

Tafiyar da ta girgiza duniya

Ranar 9 ga Nuwamban 1977, yana jawabi a majalisar dokokin Masar, Yasir Arafat na zaune cikin baƙi, sai ya ce a shirye yake ya je har majalisar Isra'ila idan hakan zai hana a kashe ɗan Masar ko guda. Aka yi tafi, da yawa sun ɗauka zance ne kawai. Firaministan Isra'ila Menachem Begin ya aiko da goron gayyata. Ministan harkokin waje Isma'il Fahmi ya ajiye aiki, wanda aka ce ya maye gurbinsa shi ma ya ajiye, sai Boutros Boutros-Ghali ne ya raka shi. Shugaban Siriya Hafiz Assad ya yi ƙoƙarin hana shi, bai ji ba.

Da daren 19 ga Nuwamba jirginsa ya sauka a Isra'ila, ya gaisa da Golda Meir da Moshe Dayan da Sharon, mutanen da ya yaƙa shekara huɗu da suka wuce. Washegari ranar Babbar Sallah ce, ya yi sallar Idi a Masallacin Ƙudus, da yamma ya tsaya gaban majalisar Knesset ya yi jawabi da Larabci. Ya shaida musu cewa Masar ta yarda su zauna lafiya a yankin. Ya kuma gindaya sharaɗin su janye daga duk ƙasar da suka mamaye a 1967, har da gabashin Birnin Ƙudus, su kuma amince da haƙƙin Falasɗinawa na kafa ƙasarsu. Ya ce bai zo neman sulhun Masar ita kaɗai ba.

Wannan jawabi shi ne ma'aunin da ya dace a auna shi da shi, domin shi ya kafa wa kansa. Kuma abin da ya samu a ƙarshe bai kai abin da ya nema ba.

A Satumban 1978 Shugaban Amurka Jimmy Carter ya killace shi da Begin a Camp David na kwana 13. Ba sa ga maciji, har aka daina haɗa su a ɗaki ɗaya, Carter ne ke kai da kawowa da takardu. Ana saura kwana biyu a tashi Sadat ya haɗa kayansa zai tafi, Carter ya shawo kansa. Ranar 17 ga wata aka sa hannu kan takardu biyu. Ta farko a fili take: Isra'ila za ta fice daga Sinai baki ɗaya, ta kwashe matsugunanta, ta bar filayen jiragen sama da rijiyoyin mai, Masar kuma ta amince da ita, ta taƙaita yawan sojojinta a yankin. Ta biyu, wadda ta shafi Falasɗinawa, alkawari ne na cin gashin kai a Gaɓar Yamma da Gaza na shekara biyar kafin a tattauna makomarsu. Ba a ambaci ƙasar Falasɗinu ba, an tsallake batun Ƙudus, kuma babu Bafalasɗine ko ɗaya a wurin. Tun tawada ba ta bushe ba gardama ta tashi: Carter ya ce an yarda a dakatar da gina matsugunai har a kammala tattaunawa, Begin ya ce wata uku kawai ya yarda.

Ministan harkokin wajen Masar Muhammad Ibrahim Kamil, abokin Sadat tun zaman kurkuku a shari'ar Amin Usman, ya ajiye aiki tun suna can. An ba Sadat da Begin kyautar Nobel ta zaman lafiya ta 1978, Sadat bai je karɓa ba, wakili ya tura. Ranar 26 ga Maris 1979 aka sa hannu kan cikakkiyar yarjejeniya a fadar White House.

Masu kare shi suna cewa ya yi abin da shugaba ya kamata ya yi: Masar ta yi yaƙi huɗu cikin shekara 25, 'ya'yanta ne suka fi mutuwa, kuma ya karɓo ƙasarsa tun matsugunan Yahudawa ba su yi jijiya a cikinta ba, abin da Siriya ba ta samu ba a Tuddan Golan. Masu sukarsa suna cewa ya zare babbar rundunar Larabawa daga fage ya bar Falasɗinawa ba mai tsaya musu, shi ya sa Isra'ila ta samu sukunin ayyana Ƙudus baki ɗaya a matsayin babban birninta a 1980, ta kuma afka wa Lebanon a 1982. Duka maganganun biyu akwai gaskiya a cikinsu, kuma ɗaya ba ta goge ɗaya.

Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa ta dakatar da Masar, ta kwashe hedikwatarta daga Alƙahira zuwa Tunis. Ƙungiyar ƙasashen Musulmi ma ta dakatar da ita. Sudan da Oman da Somaliya ne ba su yanke hulɗa ba.

Shekarun ƙarshe

Yayin da ake ɗaukar hotonsa a mujallun Amurka da Turai, a gida haƙurinsa da suka yana ƙarewa. Dokar iyali ta 1979, wadda mutane suka laƙaba wa sunan matarsa Jihan, ta ba mace damar neman saki idan mijinta ya yi mata kishiya, malamai da yawa suka yi tir da ita. Ya ba hamɓararren Sarkin Iran mafaka, ya yi masa jana'izar girma da ya mutu a Alƙahira a Yulin 1980. A wannan shekara aka gyara tsarin mulki, aka mai da shari'ar Musulunci babban tushen dokokin ƙasa, a cikin gyaran kuma aka cire iyakar wa'adin shugaban ƙasa. A Yunin 1981 ya gana da Begin a Sharm el-Sheikh, bayan kwana uku jiragen Isra'ila suka rusa cibiyar nukiliyar Iraƙi, abin da ya zubar masa da mutunci a idon Larabawa. A watan ne kuma Musulmi da Kiristoci Kibɗawa suka gwabza a unguwar Zawiya al-Hamra ta Alƙahira.

Farkon Satumban 1981 ya ba da umarnin kama mutum fiye da 1,500 a lokaci guda. Bai bar kowa ba: shugaban Ikhwan Umar Tilmisani, fitaccen mai wa'azi Sheikh Abdul Hamid Kishk, ɗan jarida Muhammad Hasanain Haikal, marubuciya Nawal Sa'adawi, 'yan gurguzu, tsofaffin ministoci, limaman coci. Shugaban Kibɗawa Shenouda na Uku kuwa aka tura shi zaman dole a wani gidan ibada a hamada. An ce niyyarsa ya riƙe su har Isra'ila ta kammala ficewa daga Sinai a Afrilu, kada wata tarzoma ta ba ta hujjar fasawa.

Cikin waɗanda aka kama akwai ɗan'uwan Khalid Islambuli. Shi kuma Khalid, ɗan ƙungiyar Jihad ta Muhammad Abdus Salam Faraj, an sa shi cikin masu faretin 6 ga Oktoba. Ya sallami sojojin da ke motarsa, ya shigo da mutanensa uku cikin kaki, ya ɓoye harsasai. Ban da Sadat, wasu mutane sun mutu a rumfar, har da wani babban limamin Kibɗawa, Bishop Samuel. Mubarak ya tsira da rauni a hannu.

An yi jana'izar ranar 10 ga Oktoba, cikin kwanakin Babbar Sallah. Tsofaffin shugabannin Amurka uku, Nixon da Ford da Carter, sun halarta. Begin ya zo, ya taka da ƙafa saboda ranar Asabar ce, addininsa ya hana shi hawa mota. Daga ƙasashen Larabawa kuwa, Ja'afar Numeiri na Sudan na cikin ƙalilan da aka gani. Jami'an tsaro sun killace wurin, jama'a ba su matso ba, ba su kuma nuna alamar suna so ba. Shekara 11 kafin nan, miliyoyin mutane ne suka cika titunan birnin suna kuka a jana'izar Nasir, mutumin da Sinai ta suɓuce a hannunsa.

A Afrilun 1982 aka zartar wa Islambuli da Faraj da wasu uku hukuncin kisa. Cikin ɗaruruwan da aka gurfanar bayan kisan akwai wani matashin likita, Ayman Zawahiri, wanda ya yi shekara uku a ɗaure, daga baya ya zama shugaban Al-Ƙa'ida. Dokar ta-ɓaci da aka kafa a makon kisan ba a ɗage ta ba sai 2012. Iran kuma ta sa wa wani titi a Tehran sunan Islambuli, abin da ya daɗe yana hana ruwa gudu tsakaninta da Masar.

Ranar 25 ga Afrilun 1982, wata shida da 'yan kwanaki bayan mutuwarsa, Isra'ila ta kammala janyewa daga Sinai bayan ta rushe matsugunin Yamit. Sauran ɗan yankin Taba aka kai gaban masu sasanci na duniya, Masar ta yi nasara, ta karɓe shi a 1989, shekarar da aka mayar da ita cikin Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa. Arafat ya gaisa da Yitzhak Rabin a 1993 a harabar fadar da Sadat ya sa hannu, Jordan ta ƙulla tata yarjejeniyar a 1994. Tun daga 1973 Masar da Isra'ila ba su sake yaƙi ba, ko da yake sulhun na gwamnatoci ne, bai sauka zuwa zukatan talakawa ba. Ƙasar Falasɗinu da ya ambata a gaban Knesset kuwa ba ta samu ba.

An binne Sadat a ƙarƙashin hasumiyar tunawa da sojan da ba a san shi ba, a tsallaken titi daga rumfar da aka harbe shi. Duk ranar 6 ga Oktoba hutu ne a Masar, shugaban ƙasa da manyan hafsoshi sukan je wurin su ajiye furanni, na sojojin da suka ƙetare mashigin daban, na kabarinsa daban.